Takunkumi a Kan Filo

Litinin, 6 ga Oktoba, 5:50 na yamma

An ba ni injin yau. Na shigo da shi a baƙar jaka irin ta kwamfuta, har maigadin layinmu ya ce, "Oga, an yi sabon laptop ne?" Na ce masa e.

Sunansa CPAP. Ɗan akwati ne da bai kai rediyon mahaifina girma ba, sai tiyo, sai takunkumin roba mai rufe hanci da baki. Rosemary, ma'aikaciyar asibitin da ke koya wa mutane amfani da shi, ta ce maƙogwarona ne ke rufewa idan na yi barci, shi kuma injin ya hura iska ya riƙe shi a buɗe. Gwajinsu ya nuna numfashina yana tsayawa sau arba'in da uku a kowace awa. Ni dai ban taɓa ji ba. Shekara arba'in da bakwai ina kwana ina tashi, yau an ce ban iya barci ba.

Ta ɗaura mini takunkumin, ta ja madauri, ta ja da baya tana kallona. "Oga Abdulƙadir, wannan gemu zai ba mu wahala fa. Iska zai dinga leaking." Akwai ƙarami na hanci kawai, amma wai da baki a buɗe nake kwana, ba zai yi mini ba. Na ce ta bar gemu inda ta gan shi.

Ga sharaɗin. Awa huɗu aƙalla kowane dare, har mako uku. Injin yana rubuta komai a wani ɗan kati. Ranar 27 in koma, likita ya duba, in ya gamsu ya ce zan iya tuƙi. Kafin nan makullin mota yana jakar Safiyatu, matata, ta kuma rantse ba zai fito ba sai da bakin likita.

Ranar 30 za a cire wa 'yata Nazeefa filastar karayar ƙafa. Shekararta tara. Ni nake so in tuƙa ta zuwa asibitin. Ni ne na...

Ni nake so in kai ta, shi ke nan.

Rosemary ta ce in riƙa rubuta yadda na kwana, layi biyu ya isa. Shekara ashirin ina rajistar ma'aikata ina rubutu a fayilolin mutane, ban iya layi biyu ba. Wannan littafin ba za ta gan shi ba.

Litinin, 8:30 na dare

Safiyatu tana falo tana ba yayarta ta Kaduna labari a waya, da ƙarfi kamar mai sanarwa. "Sau arba'in da uku fa, Yaya! A awa ɗaya! Numfashin tsayawa yake cak!" Nazeefa tana kan kujera da ƙafa a miƙe, tana jin komai. Gobe Kaduna gaba ɗaya ta san yadda nake kwana.

Talata, 7 ga Oktoba, 6:30 na safe

Minti arba'in. Injin yana nuna adadin a fuskarsa da safe, ba kunya.

Iskar ba ta jira ka shaƙa, tura kanta take yi. Ka so ka fitar da numfashi ta ce ba ta san zance ba. Sannan ta bi ta cikin gemu ta fito ta gefe, tana huci, tana busa mini ido har ya yi hawaye. Na ƙara ɗaure madauri, karan hancina ya ɗauki zafi. Na sassauta, hucin ya dawo. Da asuba na tarar da takunkumin a ƙasa kusa da takalmina, ban san lokacin da na jefar da shi ba.

A masallaci Alhaji Zulkifilu, maƙwabcinmu, ya dubi jan layin da ke fuskata ya ce ko Hajiya ce ta yi hukunci. Na yi dariyar da ake yi.

Laraba, 8 ga Oktoba, 6:25 na safe

Minti hamsin da biyar. Bakina ya bushe ƙamas.

Alhamis, 9 ga Oktoba, 2:15 na rana, ofis

Ba na son Alhamis yanzu.

Safiyatu ce ke sauke ni a bakin titi da motar yayanta da ta aro, ta wuce da Nazeefa makaranta, ni kuma in tsaya da masu jiran along, tasin haɗaka. Mutum huɗu a baya, daga Kubwa har Sakatariya. Yau wani yaro mai jakar baya ya taɓa ni ya ce, "Baba, kana danne ni." Ashe na kwanta a kafaɗarsa.

A taron sashe ma haka. Darakta yana magana, sai na ji Simon, abokin aikina, ya take mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Da muka fito ya ce, "Oga Abdul, minsharin ya fara fitowa fa. Je ka masallaci ka miƙe, zan kunna maka fanka."

Haka muke yi wa juna tun kafin a haifi Nazeefa. In mutum zai fita, ya bar tabarau a kan tebur, fayil a buɗe, biro a kai, fanka tana juyawa. Duk wanda ya leƙo ya ga alamar mutum. "Yana nan, ya ɗan zaga." Akwai wanda na sani ya yi digiri na biyu cur yana ɗan zagawa. Ba mu ɗauke shi ƙarya ba, rufin asiri muke ce masa.

Na yi awa ɗaya a kan kafet ɗin masallaci. Na tashi da ciwon kai.

Asabar, 11 ga Oktoba, 4:40 na yamma

An dawo da motar daga wajen gyara. Gaban sabo ne, fentin bai yi daidai da sauran jikin ba, duk mai ido zai gane. Na zagaya ta sau biyu. Nazeefa ta fito da sandunanta har bakin ƙofa, ta kalle ta, ta koma ciki.

Tun waccan Alhamis ɗin da motar ta lalace Safiyatu take kwana a ɗakin Nazeefa. Ta ce saboda kai ta banɗaki ne. Yanzu yarinyar tana zuwa da kanta, amma ba wanda ya ta da maganar dawowa, ni ma ban tayar ba.

Bayan azahar ta shigo ta duba injin. Awa ɗaya da minti biyar.

"Abban Nazeefa, ka rage gemun nan mana. Matar nan ta faɗa maka."

Na ce ba Rosemary ce ta ajiye mini shi ba.

"To injin zai yi aiki ne don ka sha kunu?"

Na ce in dai sai na aske fuskata zan yi numfashi, a bar ni da numfashin da na saba. Ta ce, "Wanda ka saba ɗin ai mun ga inda ya kai mu." Ta fita. Ba ta buga ƙofa ba, da ma ta buga.

Ta san labarin gemun sarai. Ranar da zan taho Abuja kama aiki, Malam, mahaifina, ya dube ni da haɓa a sulɓe ya ce, "Boko ya ɗauke ka, na haƙura. Amma ka bar mini fuskarka, in na gan ka in gane ɗana." Ban bari ba sai da ya rasu. Shekara goma sha shida ke nan reza ba ta taɓa ni ba. Bai gani ba, na sani. Duk da haka.

Malam ma haka yake minshari, ana ji daga zaure. Muna yara muna kwaikwayonsa. Wata asuba ba a ji tarinsa ba, aka shiga aka tarar da shi. Muka ce ya yi kyakkyawan ƙarshe, cikin barci. Tun da Rosemary ta faɗi arba'in da ukun nan nake ƙin tunanin wannan.

Lahadi, 12 ga Oktoba, 7:00 na safe

An ɗauke wuta, batirin inbata ya riƙe, ban samu uzuri ba. Awa ɗaya da minti goma.

Kwana shida, ko ɗaya bai kai rabin abin da ake nema ba. Na gaji. Ina jin haushin injin, ina jin haushin Rosemary da murmushinta, ina jin haushin duk mai kwanciya ya yi barci kyauta.

Talata, 14 ga Oktoba, 6:20 na safe

Awa bakwai da minti biyu.

Safiyatu ta duba sau biyu. Ta ce, "Alhamdu lillahi! Ka ga? Da ma sabo ne." Ta dafa kafaɗata. Rabon da ta taɓa ni tun watan jiya.

Ba ni da abin ƙarawa yau.

Laraba, 15 ga Oktoba, 1:50 na rana, ofis

To, in rubuta, tunda ba mai karantawa.

Filo ba shi da gemu. Na kifa masa takunkumin, na zagaya madauri ta bayansa, na ja. Ya zauna ɗas, ko huci babu. Na kunna injin, na juya baya na kwanta. Da kiran sallar farko na kwance shi na rataye a inda yake.

Ba wai na daina ba ne. Zan koya, a hankali, bayan ranar 30. Yanzu takarda ake nema, kuma na san takarda. Fayil nawa na ga an wuce da shi don an ga sa hannu a inda ya kamata? Injin awanni yake ƙirgawa, ga awanni. Tuƙin minti ashirin ne daga gida zuwa asibitin ƙashi, da safe, zan sha shayi mai kauri. Ba abin da zai faru.

Na karanta abin da na rubuta. Ya yi kama da bayanin da ma'aikaci ke kawowa in an ba shi takardar tuhuma.

Alhamis, 16 ga Oktoba, 6:15 na safe

Awa shida da minti hamsin.

Akwai ɓera a gidan nan. Cikin dare na farka a firgice, ina haki kamar yadda na saba, na ji ana karce ƙofata daga ƙasa. Na yi gyaran murya, ya yi shiru. Can na ji ana jan wani abu a kan tayil ɗin baranda. Da asuba ƙofar a ɗan buɗe take, alhali na tura ta. Sai na sa an duba mariƙin ƙofar.

Asabar, 18 ga Oktoba, 11:30 na safe

Ta yi waina da miyar taushe. Ba ta yin waina sai ranta fari ne.

Muna ci ta ce, "Har idonka ya washe." Bai washe ba. Kaina kamar an ɗora masa bulo, kullum haka nake tashi. Na ce mata ai injin ba wasa ba.

Sai ta buɗe jaka ta ciro makullin, ta rataye shi a ƙusar da ke bayan ƙofar falo, inda yake zama da. "Ba yanzu ba," in ji ta, "amma ka riƙa ganinsa." Tana dariya.

Nazeefa ba ta yi dariya ba. Ta kalli makullin, ta kalle ni, ta ci gaba da juya waina ɗaya a cikin miya. Yarinyar nan ta rame. Da bakinta ba ya hutawa, tun daga ƙofar makaranta har gida. Yanzu sai "to, Abba," sai "a'a, Abba."

Na ture sauran wainata gefe.

Litinin, 20 ga Oktoba, 7:45 na yamma

Na shiga along daga Sakatariya, na farka a Zuba. Direban ya ce ya yi ta kiran 'yan Kubwa, ba wanda ya amsa. Na tsallaka titi na nemi ta dawowa.

Na ce wa Safiyatu go-slow ne.

Awa bakwai da minti ashirin, in ji injin.

Laraba, 22 ga Oktoba, 6:10 na yamma

Malamar su Nazeefa ta aiko da takarda. Wai kwana uku a jere tana barci a aji, jiya har ta kifa kai a kan littafi. Na ce, "To, ta gaji ubanta." Ba wanda ya taya ni.

Safiyatu ta ɗaga ƙafar tana dubawa. Dunduniyar filastar ta cinye, ta yi baƙi, har ta fara tsagewa. "Ke da me kike goga wannan? Ba an ce kada ki taka ba?" Nazeefa ta ce ba ta takawa. Uwar ta yi ta faɗa, ita kuma ta sunkuyar da kai.

Na sayo gam ɗin ɓera tun Juma'a na ajiye a bayan firji. Ƙadangare ɗaya ya kama.

Juma'a, 24 ga Oktoba, 3:30 na yamma

Jiya na ce bari in gwada da gaske. Na sa a fuskata, na yi addu'a, na kwanta rigingine. Minti talatin da biyar ina kokawa da iska, ido yana hawaye. Na cire na ba filo.

Bayan sallar Juma'a na daɗe zaune a masallaci. Na so in roƙi wani abu, na rasa ta inda zan fara.

Ban taɓa rubuta ranar ba. Bari in gwada.

Ƙarfe uku da kwata na rana. Na ɗauko ta daga makaranta. Tana gaba, don ta roƙe ni, uwarta ba ta bari. Tana ba ni labarin wata ƙawarta Nabilah da ta zo makaranta da kyanwa a cikin jaka. Ta kai inda malama ta ce a buɗe jakar.

Ban ji ƙarshen labarin ba.

Na ce wa 'yan sanda taya ce ta fashe. Na ce wa Safiyatu taya ce. A asibiti Nazeefa ta ce, "Ummi, na yi ta kiran Abba bai amsa ba."

Ya isa.

Lahadi, 26 ga Oktoba, 6:30 na safe

Awa bakwai cif. Gobe.

Litinin, 27 ga Oktoba, 2:00 na rana

Na sa farar shadda. Safiyatu ta ɗauko makullin daga ƙusa ta ce ita za ta kai mu, ni in dawo da mu.

Rosemary ta karɓi katin ta sa a kwamfuta. Ta ce, "Wow, oga, seven hours!" Sai ta danna wani wuri, murmushin ya tafi. Ta daɗe tana kallo. Ta ce ko madam za ta ɗan jira a waje. Safiyatu ta ce ba inda za ta.

Ta juyo mana da kwamfutar. A satin farko akwai wani layi mai hawa da sauka kamar haƙoran zarto. Ta ce wannan numfashina ne, shiga da fita. Daga ranar 14 layin ya miƙe sambal, dare bayan dare.

"Machine yana aiki, iska yana fita. Amma babu mutum a ciki." Ta yi ƙasa da murya. "Oga, a kan mene ne ka ɗaura shi?"

Na buɗe baki in ce wataƙila injin ne ya samu matsala. Na ga Safiyatu tana kallona, ba da fushi ba, tana jira ne kawai in ce wani abu da za ta iya yarda da shi.

Na ce filo.

Rosemary ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Ta ce ba ni ne na farko da ya sha wahalar sati biyun farko ba, amma ni ne na farko da ya sa filo ya yi masa duty. Likita ya shigo, ya duba, ya ce ba zai sa hannu ba. A sake mako uku daga farko. Ya ce, "Malam, ba ni kake yi wa ba."

Ita ta tuƙo mu har Gwarinpa. Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Da ka ɗauke ta ranar Alhamis. Da ka sa ta a mota, kana sane." Na ce tafiyar minti ashirin ce. Ta ce, "Waccan ta minti nawa ce?"

Makullin ya koma jaka.

Litinin, 6:40 na yamma

Dole in rubuta wannan.

Safiyatu tana kicin. Ina zaune a bakin gado, Nazeefa ta turo ƙofa da sanda. Ta ji faɗan da aka yi bayan mun dawo. Ta tsaya tana murza bakin hijabinta.

"Abba, wallahi ba ni na faɗa ba."

Na ce faɗa me?

"Na filon. Ban gaya wa Ummi ba. Ko sau ɗaya."

Na ce ta ina ta sani.

Ta ce tun ranar da ta ji Ummi a waya. In uwarta ta yi barci sai ta sauko, ba ta ɗaukar sanduna don suna ƙara, ta zauna a ƙasa ta ja jiki har ƙofata. Ta tura kaɗan ta saurara. In ina minshari, lafiya. In na yi shiru sai ta fara ƙirge. In ta kai ashirin ban ja numfashi ba, ta karci ƙofa da farce har sai na motsa.

"Wani lokaci kana kaiwa talatin, Abba."

Na ce kullum? Ta ce ban da ranar da barci ya sace ta, kuma ranar ta yi kuka da safe.

Na ce me ya sa ba ta faɗa ba da ta ga takunkumin a kan filo. Ta ce, "Na ga yana yi maka ciwo. Na ce ni sai in riƙa tashinka."

Na kalli dunduniyar filastar. Ni kuwa har gam ɗin ɓera na saya.

Na ɗauke ta na mayar da ita ɗakinsu, ta yi nauyi da simintin nan, ta kuma yi rashin nauyi. Na je kicin na gaya wa Safiyatu duka. Ta kashe gas. Ta dafa bango. Ta ce, "Ina kwance kusa da ita. Ban ji ba." Ta kunna famfo ta bar shi yana zuba, ni ma na tsaya, ba mu kalli juna ba.

Ban taɓa jin kunya irin ta yau ba. Ta asibiti wasa ce.

Talata, 28 ga Oktoba, 12:30 na rana

Ban je ofis da safe ba. Ban ce Simon ya kunna fanka ba, na kira na ce ina da uzuri, a rubuta.

Mai askin ya tambaye ni sau uku. "Duka, Alhaji?" Na ce ya sauke shi ƙasa sosai, yadda roba za ta kama fata. Ya ce ko dai a rage tsawo kawai. Na ce ya yi abin da na ce. Ya yi bisimilla ya kunna kilifa.

Minti huɗu. Shekara goma sha shida.

Mutumin da ke cikin madubi yana da haɓa biyu da wani tabo da na manta da shi. Ban ga Malam a fuskar ba, ban ga kaina ba. Na roƙi takarda na tattara gashin na sa a aljihu. Ban san abin da zan yi da shi ba.

Da na shiga ofis Simon ya ɗaga kai ya dube ni. Ya tura mini fayil ya ce, "Sannu da zuwa, oga." Na gode masa a raina.

Nazeefa ta ce na yi kama da ƙanen kaina.

Laraba, 29 ga Oktoba, 6:20 na safe

Awa biyu da minti arba'in. Hucin ya tafi, amma iskar tana nan da halinta, cikina ya cika da ita. Ba daɗi. Kada wani ya ce da daɗi.

Na bar ƙofa a buɗe. Can na ji jan jikin a kan tayil, duk da uwarta ta hana ta. Na ɗaga hannu daga kwance don ta ga a fuskata yake. Ta daɗe a wurin kafin ta koma.

Alhaji Zulkifilu ya gan ni a masallaci, ya kalli haɓata, bai yi tsokana ba. Da ma ya yi.

Alhamis, 30 ga Oktoba, 4:15 na yamma

Safiyatu ta tuƙa. Ni da Nazeefa a baya, ƙafarta a kan cinyata.

Ba a cire ba. Likitan ƙashi ya duba hoto ya ce bai gama haɗewa ba, kuma filastar ta tsage, sai an sake sabuwa. Mako biyu. Ya tambaya ko tana yawan motsa ƙafar. Mu uku muka kalli dunduniyar filastar.

A hanyar dawowa, daidai wurin, inda ƙarfen gefen titi yake a lanƙwashe har yanzu, na ji ta riƙe hannun rigata. Da muka wuce ta sake. Ta ce, "Abba, in kana jin barci ka yi. Ummi ce ke tuƙi."

Na juya na kalli taga har gida.

Juma'a, 31 ga Oktoba, 6:15 na safe

Awa uku da minti hamsin. Saura goma. Ta zo sau ɗaya.

Asabar, 1 ga Nuwamba, 9:20 na safe

Awa biyar da minti shida. Ni ne a ciki.

Na tashi sallar asuba ba ciwon kai, har na tsaya ina nemansa. Safiyatu ta shigo ta duba injin, sannan ta duba fuskata, ta ga jan layin. Ba ta ce alhamdu lillahi ba wannan karon. Ta ce ita ta raka Nazeefa bakin ƙofar jiya, suka tsaya tare, ta nuna mata yadda ƙirjina ke hawa yana sauka. Yarinyar ta ƙirga har ɗari, ta ce a koma.

Makullin yana jaka. Saura kwana goma sha bakwai, in na iya. Ban sani ba ko zan iya. Labarin kyanwar ma ban tambaya ba tukuna, ina tsoro.

Tara ta wuce, Nazeefa ba ta tashi ba. Safiyatu ta ce za ta makara Islamiyya, na ce a bar ta.

Na ɗauko kujera na zauna a bakin ƙofarsu da littafin nan. Tana kwance, baki a ɗan buɗe, sabuwar filastar fara tas. Ina ƙirgawa. Na kai ɗari biyu da goma, bai tsaya ba ko sau ɗaya.